Telegram a matsayin ajin karatu daga nesa: inda ya yi wa WhatsApp fintinkau da inda yake ɗingishi a Kano

Manhajar hira da za a yi karatu daga nesa da ita, ba a auna ta da ɗalibin da ke zaune da waya a hannu lokacin da malam ke magana. Shi wannan ko a ina aka ajiye shi zai samu darasi. Wanda ya makara shi ne ma'auni: ɗan kasuwar da ba ya rufe shago a Kantin Kwari sai gab da magariba, malamar firamare da ta dawo gida ta ɗora tukunya, ma'aikacin jinya mai kwanan aiki. Irin waɗannan su suka fi yawa a karatu daga nesa, don da suna da sukunin zama aji da rana, da ba su biyo ta nan ba. Sai bayan sallar isha'i suke kunna data, su tarar saƙonni sun yi tsibi. A cikin minti ashirin ɗin da suka rage kafin barci ya sace su, za su iya gano me malam ya ce, wane aiki aka bayar, kuma yaushe za a miƙa shi?

A kan wannan ma'auni Telegram ya fi WhatsApp, kuma ba da ɗan tazara ba. Amma yana da tasa larurar, wadda in ba a yi mata tanadi tun ranar farko ba, zauren ajin, wato guruf ɗin, zai mutu cikin mako uku, kowa ya sulale ya koma inda ya saba.

Masu irin wannan karatu a Kano ba kaɗan ba ne. Akwai ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, kuma tana da cibiyar karatu a nan cikin gari. Akwai malaman makaranta masu neman NCE ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, da masu digiri a sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello. Sai kuma ɗimbin azuzuwan da babu wata hukuma a bayansu: na tajwidi da nahawu, na koyon kwamfuta, na share fagen JAMB, na haɗa turare da girke-girke. Kullen korona a 2020 da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 su suka koya wa malamai da ɗalibai da yawa cewa ana iya ci gaba da darasi ta waya. Kusan dukkansu da WhatsApp suka fara, don shi ne a wayar kowa.

Matsalar WhatsApp a aji guda ɗaya ce babba: layi ɗaya ne kamar titin da ba shi da kwana. Sanarwar jarrabawa, da barka da Juma'a, da tambayar lissafi, da hoton sabon jariri, duk a bututu ɗaya suke bi. Wanda aka saka a zauren a mako na huɗu ba zai tarar da darussan makonnin baya ba. Wanda ya canza waya ba tare da ya adana hirarrakinsa a Google Drive ba, ya yi asarar zango guda. Shi ya sa jimlar da ta fi kowace maimaituwa a zaurukan karatu ita ce, "Malam don Allah a sake turo handawut ɗin, nawa ya goge." Malam ya sake turowa, wayar mutum ɗari ta sake sauke fayil ɗin da take da shi.

Telegram, wanda Pavel Durov da ɗan'uwansa Nikolai suka fitar a 2013, ya ginu ne a kan wani tsari daban. Saƙonni da fayiloli ba a wayarka suke zaune ba, suna kan manyan kwamfutocin kamfanin, wayarka tana ɗebo abin da ka buɗe ne kawai. Abin da wannan ke nufi ga aji shi ne, wanda wayarsa ta faɗa ruwa ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya sayi wata, da ya saka lambarsa zai tarar da komai a mazauninsa, tun daga darasin farko. Haka kuma zai iya buɗe ajin a kwamfutar ofis ko da wayar tana wajen mai caji a kashe. Sai dai akwai saiti guda da masu buɗe zaure ke mantawa: a sabon zaure na sirri, tsofaffin saƙonni a ɓoye suke ga sabon shiga. Dole mai kula da zauren ya shiga saitinsa ya mayar da tarihin hira ya zama a buɗe. In bai yi ba, babbar fa'idar manhajar ta tafi a banza, kuma sau da yawa ba a ganewa sai wani ya shigo a tsakiyar zango yana cewa shi bai ga komai ba.

Girman zaure ba abin damuwa ba ne. WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, Telegram 200,000. Babu malamin da zai iya tattaunawa ta hankali da ko mutum ɗari uku, don haka wannan lamba ta talla ce kawai. Haka girman fayil: dukkansu suna barin a tura har gigabait 2, kuma duk malamin da ya tura wa ɗaliban Kano fayil mai wannan nauyi bai tausaya musu ba.

Abin da ya sa Telegram ya cancanci a kira shi aji shi ne tsarin da ya shigo da shi a ƙarshen 2022, wanda a cikin manhajar aka rubuta masa Topics. Da an kunna shi, zaure ɗaya sai ya rabu ɗaki-ɗaki, kamar gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Kowane ɗaki da sunansa, da nasa saƙonnin da aka maƙale a sama, da nasa ƙararrawar da mutum zai iya kashewa ba tare da ya kashe ta sauran ba. Mai kula da zaure na iya rufe ɗaki ya zama shi kaɗai ke rubutu a ciki, sauran su karanta.

Ga kwas ɗaya na mako goma sha biyu, ɗakuna biyar sun wadatar. Na farko na sanarwa, a rufe. Na biyu na kayan karatu, shi ma a rufe, babu abin da ke shiga sai fayil da sautin lakca. Na uku na tambaya da amsa. Na huɗu na tattaunawar mako, inda malam ke ajiye tambaya ɗaya ranar Asabar a rufe ta ranar Alhamis da dare. Na biyar kuma shi ne majalisa, inda za a yi gaisuwa da jaje da tallan atamfa. Kada a raina wannan na biyar. Bahaushe ba ya shiga taro bai yi sallama ba, kuma in aka hana gaisuwa gaba ɗaya, ko dai mutane su ji zauren ya yi musu bushewa su daina leƙowa, ko su kai gaisuwar ɗakin tambaya. A ba ta mazauninta kawai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zarce gona da iri: a buɗe ɗaki ga kowane mako da kowane babi, har su kai ashirin. A ƙaramar waya, jerin ɗakuna ashirin ya fi layin WhatsApp ɗin da aka gudo ruɗarwa. Ɗalibi ya rasa inda zai ajiye tambayarsa, sai ya jefa ta a ɗakin da ya fara gani. Maimakon haka, a rarrabe makonni da alamar shebur a gaban kalma, kamar #mako3 ko #GST101, wanda da an taɓa shi duk saƙonnin da ke ɗauke da shi za su jeru. A nan akwai wani ɗan tarko na masu rubutu da Hausa. Wani allon rubutunsa na da ɗ da ƙ da ɓ, wani babu, don haka in alamar ta ƙunshi harafi mai lanƙwasa, rabin aji za su rubuta ta wata siga, bincike ya riƙa kawo rabin saƙonni. A zaɓi kalmomin da ba su da waɗannan haruffa, ko a yi amfani da lambar kwas. Haka sunan fayil. "Document 14" ba suna ba ne. A rubuta lambar kwas, da mako, da taken darasi, don akwatin bincike na Telegram yana neman fayil da sunansa.

Wani abu kuma da ya shafi allo da rubutun hannu: in aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar na matse shi don rage nauyi, sai ƙananan lambobi da wasullan Larabci su dusashe. Duk hoton da za a karanta rubutu a cikinsa, a tura shi a matsayin fayil. Zai fi cin data kaɗan, amma gara haka da ɗalibi ya kwafi fataha a inda aka sa kisira.

Wajen tsawatarwa, Telegram ya ba mai kula da zaure sanda mai tsawo. Zai iya hana tura sitika shi kaɗai, ko bidiyo, ko adireshin wani shafi, ya bar rubutu da sautin murya. Akwai kuma tsarin jinkirta saƙo, wanda ke sa kowane mutum ya jira wani lokaci tsakanin saƙo da saƙo, daga 'yan daƙiƙu har zuwa awa ɗaya. Minti ɗaya shi ne daidai ga aji. Yana maganin masu datsa jimla ɗaya gida bakwai, "Salam", "Malam", "ina da tambaya", "a kan darasin jiya", kowanne da ƙararrawarsa. Da sun ga sai sun jira, sai su haɗa maganarsu wuri guda. In aka kai shi minti goma sha biyar kuwa, muhawara ta mutu, don kafin mutum ya samu damar mayar da martani an wuce wurin. Gyaran saƙo ma ya fi sauƙi a nan: WhatsApp minti 15 yake bayarwa, Telegram awa 48, wanda ke da amfani ga malamin da ya rubuta ranar jarrabawa ba daidai ba kuma bai lura ba sai washegari.

Kacici-kacicin cikin manhajar na da kyau, da sharaɗin a san iyakarsa. Malam zai rubuta tambaya da zaɓuɓɓuka, ya nuna amsar da ke daidai, ya ƙara ɗan bayanin da zai bayyana bayan ɗalibi ya zaɓa. A asali ba ya nuna wa ya zaɓi me, sai an kashe ɓoye sunan kafin a tura. Tambaya uku bayan kowace lakca na nuna wa malam inda aka yi ɓatan kai, kuma ɗalibin da kunya ba za ta bar shi ya yi rubutu a gaban mutane ba zai iya taɓa allo. Amma ba jarrabawa ba ce. Na farkon da ya amsa ya ga amsar daidai, kuma babu abin da zai hana ta zagaya ta bayan fage cikin minti biyu.

Sai batun da ya fi ci wa ɗalibi tuwo a ƙwarya, wato data, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. A lissafin da kamfanin Zoom ke bayarwa, taron bidiyo na jama'a na buƙatar kusan megabit ɗaya a daƙiƙa, wanda ya kai wajen megabait 450 a awa. Murya zalla kuwa kilobit 60 zuwa 80 ce, wato ƙasa da megabait 40 a awa. Bambancin ya haura ninki goma, kuma haka abin yake a kusan kowace manhaja: hoto mai motsi ne ke cinye kuɗin. Ga shi Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, Google Meet a minti 60. Taron murya na cikin zauren Telegram ba ya yankewa, ɗalibi na iya ɗaga hannu a buɗe masa magana, kuma mai kula da zaure na iya naɗar zaman duka. Abin da aka naɗa yana faɗawa ne cikin ma'ajiyar saƙonninsa na kansa, ba cikin zauren ba, don haka sai ya tura shi ɗakin kayan karatu da hannunsa. Masu yawa na mantawa, su zaci ya tafi da kansa.

Duk da haka, a ra'ayinmu lakca kai tsaye bai kamata ta zama ginshiƙin aji a Kano ba. Wuta ba ta da tabbas, sabis na yin rauni a daidai lokacin da kowa ya hau intanet da dare, kuma lokacin da ya dace da ɗan kasuwa bai dace da mai shayarwa ba. Abin da ya fi aiki shi ne malam ya naɗi darasi gutsure-gutsure, kowane minti biyar zuwa takwas a kan batu guda, ya rubuta take a ƙarƙashinsa. Sautin minti arba'in a dunƙule, in sabis ya katse a tsakiya ko yaro ya yi kuka, da wuya a dawo masa. Gajere kuwa ana iya saurarensa a adaidaita sahu tsakanin Kabuga da Bata, a ƙara masa sauri in an riga an san farkonsa. Zaman kai tsaye a bar shi sau ɗaya a mako, na amsa tambayoyi kawai, wajen ƙarfe tara na dare, a kuma matsar da shi bayan tarawihi in azumi ya kama. Tsarin tsara saƙo ya fita a lokacin da aka sa masa yana taimakon malami sosai a nan: ya zauna ranar Lahadi ya jera darussan mako, kowanne ya fito a ranarsa ko da wayarsa a kashe take.

Akwai fa'idar da ba a cika ambata ba, alhali a garin nan tana iya zama ita ce mai yanke hukuncin ko mace za ta shiga aji ko ba za ta shiga ba. A zauren WhatsApp yadda aka saba da shi, duk wanda ke ciki na ganin lambar kowa. Ba sai an faɗa ba, an san abin da ke biyo baya: "Salam, a guruf na ga lambarki." Magidanta da yawa saboda wannan kaɗai suke hana matansu shiga. A Telegram mutum na iya ɓoye lambarsa ga kowa, ya hana baƙo kiransa ko jefa shi wani zauren, kuma a zauren da ya kai mutum ɗari ana iya ɓoye jerin mambobi baki ɗaya. Ba ya hana a turo saƙo ta gefe ga wadda ta yi magana a zaure, amma toshe mutum a nan ya ƙare magana, tunda ba shi da lambar da zai kira. Ƙofar shiga ma ana iya tsare ta: a yi adireshin gayyata mai wa'adi, ko mai adadin mutanen da zai ɗauka, ko wanda sai mai kula ya amince kafin a shigo. Ga masu ajin kuɗi wannan ya fi komai.

To, ga inda yake ɗingishi.

Na farko, kuma mafi girma, mutane ba sa buɗe shi. WhatsApp ana leƙa shi sau hamsin a rana saboda uwa da ciniki da 'yan unguwa duk suna can. Telegram sai an yi niyya. Da yawa a Kano ma ba su sauke shi ba sai a 2024, lokacin guguwar mainin, wato neman kuɗin kirifto ta wasannin Notcoin da Hamster Kombat, lokacin da ko a majalisa ka zauna sai ka ga yatsu na ta dannar allo. Guguwar ta wuce ta bar wayoyi cike da tashoshi barkatai masu turo saƙo dare da rana, har masu su suka kashe ƙararrawar manhajar gaba ɗaya. Ɗalibin da ke cikin wannan hali, ko malam ya yi sanarwa sau goma ba zai ji ba. Maganin a aikace shi ne, a ranar farko a sa kowa ya fice daga tashoshin da ba ya bukata, ya maƙale zauren aji a saman jerinsa, ya kunna ƙararrawar ɗakin sanarwa kaɗai. Sannan a bar ƙaramin zauren WhatsApp wanda mai kula kaɗai ke rubutu a ciki, aikinsa guda: "An saka darasin mako na 5, a leƙa." Kada a taɓa tura darasin kansa a can. Ranar da aka tura sau ɗaya don tausayi, ranar Telegram ɗin ya fara mutuwa.

Na biyu laifin wayoyi ne. Ƙananan wayoyin Android da suka fi yawa a hannun ɗalibai suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai saƙo ya ƙi shigowa har sai an buɗe manhajar. A shiga saitin batir a cire Telegram daga cikin waɗanda ake takurawa. Haka nan ma'ajiya: duk bidiyon da aka kalla yana barin kwafinsa a waya, kuma mai gigabait 32 zai wayi gari an ce masa wuri ya cika. A sashen data da ma'ajiya na manhajar ana iya sa ta riƙa goge kwafin bayan kwana uku ko mako guda. Babu asara, tunda asalin na nan a zaure, sai dai sake saukewa sake kashe data ne. Don haka littafin kwas da duk abin da za a yi ta komawa kansa, a adana shi cikin wayar kanta. A wannan sashen ne kuma ake kashe saukar bidiyo da fayil kai tsaye, abin da ya kamata ya zama aikin farko na duk wanda ke sayen data ta kwana ɗaya.

Na uku harshe. Jerin harsunan da manhajar ta zo da su babu Hausa. Akwai Larabci, wanda ke sauƙaƙa wa wasu ɗaliban islamiyya, amma dattijon da ke karatun boko da ƙyar zai buƙaci wani ya zauna da shi rabin awa.

Na huɗu tsaro. Hirar zaure a Telegram ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, saɓanin ta WhatsApp. Tana ajiye a wajen kamfanin, kuma wannan ne farashin samun tsofaffin darussa a kowace waya. Ga lakca da tambayoyi ba komai. Amma sakamakon jarrabawa mai ɗauke da sunaye, ko hoton katin NIN, ko bayanan marasa lafiya a ajin ma'aikatan jinya, ba wurinsu ba ne. Sai kuma 'yan damfara, waɗanda salonsu ɗaya ne a manhajojin biyu: a kira ɗalibi a ce daga zauren aji ne, za a yi mitin da yamma, an turo masa lambar shiga, ya karanto ta. Lambar nan mabuɗin asusunsa ce, shida a WhatsApp, biyar a Telegram. Da ya karanta an ƙwace, a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Kalmar sirri ta mataki na biyu ita ce ke toshe wannan, kuma ga mai kula da zaure wajibi ce. Ya kuma naɗa mataimaki aƙalla ɗaya mai cikakken iko, don in layinsa ya ɓata ko aka rufe shi, kada aji ya zama marar mai shi. Miƙa mallakar zaure ga wani na buƙatar kalmar sirrin ta yi kwana bakwai a kunne, don haka ba abin da za a bari sai ranar da buƙata ta taso ba ne.

Masu ajin kuɗi na son saitin da ke hana tura darasi waje da ɗaukar hoton allo. Yana aiki, amma yana hana ɗalibin kirki adana handawut ya kai shagon kwamfuta a buga masa a takarda, kuma ba ya hana mai wayo ɗaukar allon da wata wayar. Ga ajin da rabinsa ke karatu a takarda idan wuta ta ɗauke, cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Abin da Telegram ba zai taɓa yi ba shi ne aikin rajistar maki. Manhajojin da aka gina don makaranta, irin Moodle da Martin Dougiamas ya fitar a Ostireliya a 2002, suna da abin da babu shi a nan: zauren da ɗalibi ba zai ga amsar kowa ba sai ya rubuta tasa, da wurin miƙa aiki mai rufewa da kansa idan wa'adi ya cika, da maki da ke tafiya kai tsaye cikin littafin malam. A Telegram, in malam ya yi tambaya, amsa uku na farko ne na gaske, saura "na goyi bayan Malam wane" ne da sauya kalmomi. Ana iya rage wannan ta hanyar raba aji rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowane rukuni da tambayarsa, ko a ce kowa ya kawo misali daga wurin aikinsa ko unguwarsu, abin da ba ya kwafuwa. Amma duk aikin da ke da maki, a miƙa shi a shafin makaranta. Ɗaliban NOUN sun san aikin TMA, wato aikin gida mai maki da ake ba su cikin zango, kashi 30 ne, jarrabawa 70. Zauren da ya koma kasuwar musayar amsoshin TMA yana ba mutum talatin ɗin ne ya tura shi zauren jarrabawa da kai fayau ya fuskanci saba'in.

Kuɗi kuwa, duk abin da aka lissafa a sama kyauta ne. Akwai tsarin biya na wata-wata da ke ɗaga girman fayil zuwa gigabait 4 da wasu ƙyale-ƙyale, babu abin da aji ke buƙata a ciki.

Ajin mutum goma sha biyar na mako biyu, waɗanda suka san juna, su zauna a WhatsApp ɗinsu, wahalar ƙaura ba ta biya ba. Ajin da ya haura mutum arba'in, ko zai wuce wata guda, ko yake karɓar sababbin ɗalibai a tsakiya, ko ya haɗa maza da matan da ba su san juna ba, Telegram ne nasa. Sai dai a ware makon farko kacokan don saiti, a kuma sa kowane ɗalibi ya tura saƙo ɗaya a ɗakin tambaya ya amsa kacici-kacici ɗaya kafin a fara darasi. Waɗanda ba su yi ba zuwa Alhamis, a kira su a waya ɗaya bayan ɗaya, don yawanci ko ƙararrawarsu a kashe take ko sun shiga da tsohon layin da ba ya hannunsu.